Tuba A Gaban Jama'a: Daga Mancesta Zuwa Bamingam

A cikin jerin jawabanmu na tarihi yau za mu leƙa ƙasar Ingila, mu duba wani al'amari wanda kowa ya san shi a gidansa, amma da zarar ya shiga fagen siyasa sai ya sake kama. Al'amarin kuwa shi ne neman gafara. A ƙasar Hausa in mutum ya yi wa ɗan'uwansa laifi, ya kan nemi dattijo ya raka shi, ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure, ya durƙusa ya ce a yi haƙuri. Galibi kuma maganar ta kan mutu a nan. To, yaya abin ya ke idan mai laifin shugaban jam'iyya ne, waɗanda ya ɓata wa rai kuma miliyoyin mutane ne masu ƙuri'a a hannu? Ban haƙuri ya kan mayar masa da girmansa, ko kuwa ƙarasa zubar da shi ya ke yi?

Za mu nemi amsar wannan tambaya a birane biyu. Na farko shi ne Mancesta, da ke arewa maso yammacin Ingila, garin da masaƙun auduga suka gina. Na biyu kuwa Bamingam, da ke tsakiyar ƙasar, garin maƙera da masana'antu, wanda ke bin Landan a yawan jama'a. Tun wajen shekarar 2006 manyan jam'iyyun Biritaniya suka fara yawan kai babban taronsu na shekara-shekara waɗannan birane. Daga 2010 zuwa 2022 shugabannin jam'iyya huɗu suka nemi gafarar jama'a a kan laifinsu na kansu, labarin kowannensu kuwa ya ratsa ta ɗaya daga cikin biranen nan, ko ta dukansu biyu.

MUHAWARAR MANCESTA

Ran 15 ga watan Afrilu na 2010, saura mako uku a yi babban zaɓe, aka yi abin da ba a taɓa yi ba a tarihin Biritaniya. Shugabannin manyan jam'iyyu uku suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a ɗakin telebijin na Granada a Mancesta, suka yi muhawara a gaban idon mutum fiye da miliyan 9. Akwai Firayim Minista Gordon Brown na Jam'iyyar Leba, wadda ta shekara 13 tana mulki. Akwai Mista David Cameron na Jam'iyyar 'Yan Mazan Jiya. Na ukunsu shi ne Mista Nick Clegg na Jam'iyyar Libaral Dimokurat, wanda kafin wannan dare mutane da yawa ba su ma san fuskarsa ba.

Mista Clegg ne ya yi rinjaye a daren. Ya dubi na'urar ɗaukar hoto kai tsaye, ya ce wa jama'a tsofaffin jam'iyyun nan biyu sun daɗe suna karɓa-karɓar mulki, suna alkawari suna saɓawa, lokaci ya yi da za a gwada wata hanya. Kafin mako ya zagayo farin jininsa ya hau yadda ba a zata ba. Sai mu riƙe wannan a zuciya, domin za mu komo kansa: jarin Mista Clegg duka a siyasa shi ne cewa shi mai cika alkawari ne.

Mista Brown kuwa ɗan limamin coci ne daga ƙasar Sikotlan. Ya shekara goma yana Ministan Kuɗi kafin ya gaji Mista Tony Blair a 2007. An san shi da ilmi da ƙwazon aiki, amma an san shi kuma da rashin sakin fuska, har a watan Fabrairu na wannan shekara jaridu suka cika da labarin cewa yana da zafin rai ga ma'aikatansa. Saboda haka mashawartansa suka ga ya kamata ya fito daga cikin dogarai, ya shiga unguwanni ya gana da talakawa ido da ido.

ABIN DA YA FARU A ROCHDALE

Ran Laraba 28 ga Afrilu, Mista Brown ya je Rochdale, wani tsohon garin masaƙu mai nisan kamar mil goma daga Mancesta. A bakin titi ya gamu da wata dattijuwa 'yar fansho, wadda ita da iyayenta duk 'yan Leba ne tun fil azal. Ta tare shi da tambayoyi a kan bashin da ke kan ƙasa, da harajin da a ke cire wa masu fansho, da yadda jikokinta za su biya kuɗin jami'a. Cikin maganar kuma ta tambaye shi game da mutanen Gabashin Turai da ke ta kwarara cikin ƙasar. Ya ba ta amsa cikin ladabi, ya tambayi lafiyar iyalinta, suka rabu da fara'a. Har ta gaya wa 'yan jarida shi za ta zaɓa.

Ashe tsautsayi na jiransa a mota. Ya shiga ya rufe ƙofa, ya manta makirfo na gidan telebijin na Sky yana maƙale a rigarsa, yana kuwa aiki. Aka ji shi yana faɗa wa mataimakansa cewa ganawar nan masifa ce, bai kamata a haɗa shi da waccan matar ba, wa ma ya kawo wannan shawara? Da aka tambaye shi abin da ta ce, sai ya kira ta mai ƙyamar baƙi, irin mutanen da ba su jin ra'ayin kowa sai nasu. Magana zarar bunu ce. Kafin motar ta isa Mancesta, duk gidajen watsa labarai na ƙasar sun sami faifan.

A Mancesta ya shiga ɗakin rediyon BBC domin wata hira da aka riga aka shirya. Mai hirar, Mista Jeremy Vine, ya kunna masa faifan yana ji, jama'a na ji. Akwai na'urar ɗaukar hoto a ɗakin, ta kuwa ɗauki Firayim Ministan Biritaniya ya sunkuya, ya dafe kansa da hannu. Nan take ya ba da haƙuri ta rediyo. Ya buga wa dattijuwar waya ya sake ba da haƙuri. Sa'an nan ya ajiye shirin muhawarar da ke gabansa, ya juya ya koma Rochdale, ya shiga gidanta, ya yi kamar minti arba'in a ciki, 'yan jarida sun yi cincirindo a ƙofa. Da ya fito, sai ya kira kansa mai zunubi da ya tuba, ya ce bai fahimci maganarta ba ne. Da yamma kuma ya aika wa 'yan jam'iyyarsa takarda yana neman gafararsu su ma.

In dai yawan ban haƙuri ne, ba wanda zai ce Mista Brown ya yi ƙwauro. Amma mutane sun lura da abu biyu. Na ɗaya, ya fito daga gidan shi kaɗai, dattijuwar ba ta rako shi ƙofa ba, balle a ɗauke su hoto suna musafaha. Na biyu, da ta yi hira da wata jarida bayan 'yan kwanaki, ta ce abin da ya fi yi mata ciwo shi ne da ya kira ta waccan matar. Bahaushe zai gane wannan da sauri, domin ko a wurinmu wanda ya gaishe ka da murmushi, kana juya baya ya ce da kai wancan mutumin, ya gama nuna maka matsayinka a wurinsa.

ME YA SA YA FIRGITA?

Mai sauraro zai iya tambaya, me ya sa tambaya ɗaya a kan baƙi ta ruɗa mutum mai ƙwarewa haka? Amsar tana Bamingam, shekara 42 kafin wannan rana. Ran 20 ga Afrilu na 1968, wani jigon 'Yan Mazan Jiya, haifaffen Bamingam, mai suna Enoch Powell, ya yi jawabi a otal ɗin Midland na birnin, inda ya yi gargaɗin cewa shigowar baƙi daga ƙasashen renon Ingila, watau Indiya da Pakistan da Afirka da tsibiran Karebiyan, za ta kai ƙasar ga zubar da jini. Kashegari shugaban jam'iyyar, Mista Edward Heath, ya tuɓe shi daga muƙaminsa. Mista Powell bai taɓa ba da haƙuri ba har ya mutu a 1998, bai kuma sake riƙe babban muƙami ba, ko da ya ke 'yan dakon tashar jiragen ruwa ta Landan sun yi maci domin goyon bayansa.

Tun daga wannan jawabi maganar baƙi ta zama garwashi a hannun shugabannin siyasar Biritaniya, musamman 'yan Leba. Da ƙasashe goma suka shiga Tarayyar Turai a 2004, gwamnatin Leba ta buɗe wa ma'aikatansu ƙofa nan da nan, waɗanda suka zo kuwa, musamman daga Polan, sun ninka lissafin gwamnati sau da yawa. Talakawan garuruwa irin su Rochdale suna ta gunaguni a kan aiki da gidaje, suna kuma zargin shugabanni ba su saurarensu. Abin da faifan nan ya yi shi ne ya tabbatar musu da zargin da su ke yi tun tuni. Mista Brown yana iya neman gafara a kan kalmar da ya furta, amma ba shi da ikon hana mutane sanin abin da suka riga suka sani.

DAREN BAMINGAM

Kashegari, ran 29 ga Afrilu, aka yi muhawara ta uku kuma ta ƙarshe a babban zauren Jami'ar Bamingam. Batun daren shi ne tattalin arziki, fagen da Mista Brown ya fi kowa sani, wanda kuma ya daɗe yana jira. Amma dole ya buɗe bakinsa da maganar jiya. Ya ce aikin Firayim Minista yana da yawa, kuma kamar yadda aka gani jiya ba kome ya ke yi daidai ba, amma ya san yadda a ke riƙon tattalin arziki a lokacin daɗi da lokacin wuya. Ƙuri'un jin ra'ayin jama'a da aka yi bayan muhawarar suka nuna Mista Cameron ne ya yi nasara.

Aka yi zaɓe ran 6 ga Mayu. 'Yan Mazan Jiya suka sami kujera 306, Leba 258, Libaral Dimokurat 57. Ran 11 ga Mayu Mista Brown ya sauka. Sai dai adalci ya wajaba a nan. Ba faifan Rochdale ne ya kayar da shi ba, domin tun kafin ranar jam'iyyarsa tana baya, kuma masu auna ra'ayin jama'a ba su ga wani babban canji ba bayan abin ya faru. Abin mamaki ma, ɗan takarar Leba ne ya ci kujerar Rochdale ɗin kanta, da rinjayen da bai kai ƙuri'a dubu ba. Ana iya cewa saurin ban haƙurinsa ya tsayar da jinin, bai dai warkar da raunin ba. Har yau in aka ambaci zaɓen 2010 a Biritaniya, hoton da ya kan fara zuwa zukatan mutane shi ne na mutumin nan dafe da kai a ɗakin rediyo.

TUBA A KAN LAIFIN WANI

Kada a ɗauka Mista Brown bai iya neman gafara ba ne. Wata bakwai kafin Rochdale, a Satumba na 2009, ya nemi gafara da sunan gwamnati a kan abin da aka yi wa Alan Turing, masanin lissafin da ya taimaka wajen warware saƙonnin asirin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma yi aikin kwamfutocin farko a Jami'ar Mancesta, amma kotu ta hukunta shi a 1952 a ƙarƙashin wata doka da daga baya aka soke. A Fabrairu na 2010 kuma ya tsaya a Majalisar Wakilai ya nemi gafarar dubban yara marasa galihu waɗanda aka kwasa a dā aka kai Ostareliya da Kanada da wasu ƙasashe, inda da yawansu suka sha azaba. Sau biyun nan duka ya sha yabo daga abokai da abokan hamayya.

Haka ma magajinsa. Ran 15 ga Yuni na 2010, Mista Cameron ya nemi gafara a Majalisa a kan kisan da sojojin Biritaniya suka yi wa masu zanga-zanga 13 a birnin Derry na Ailan ta Arewa ran 30 ga Janairu na 1972. Jama'ar birnin, waɗanda ba su taɓa ƙaunar 'Yan Mazan Jiya ba, suna kallonsa a babban allo a dandali, suka tafa masa. A lokacin da aka yi kisan kuwa shekarar Mista Cameron biyar da haihuwa. Masu sauraronmu na Nijeriya za su tuna irin wannan a gida: ran 12 ga Yuni na 2018, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya nemi gafarar iyalin Cif Moshood Abiola da sunan Gwamnatin Tarayya, a kan soke zaɓen 1993, wanda ba gwamnatinsa ce ta soke ba.

Irin wannan tuba tana da amfani ƙwarai ga waɗanda aka zalunta, domin ta kan wanke sunansu, ta sanyaya zukatan iyalansu. Amma ba ta cin mai yin ta kome. Ya ɗauki nauyin laifin da kowa ya san ba shi ya aikata ba, saboda haka abin da jama'a su ke gani a wurinsa dattaku ne. Gwajin gaskiya yana zuwa ne sa'ad da laifin na shugaban ne da kansa, kuma bai tsufa ba.

ALKAWARI KAYA NE

Mu koma ga Mista Clegg. Kafin zaɓen 2010, shi da 'yan takarar jam'iyyarsa sun sa hannu a takardar ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, sun yi alkawarin za su ƙi duk wani ƙarin kuɗin jami'a. An ɗauke shi hoto riƙe da takardar. Ɗalibai a garuruwan jami'a suka yi masa ruwan ƙuri'u. Da zaɓe bai ba kowa rinjaye ba, sai ya shiga gwamnatin haɗin gwiwa da Mista Cameron, ya zama Mataimakin Firayim Minista. Ran 9 ga Disamba na wannan shekara dai, ɗalibai na zanga-zanga a ƙofar Majalisa, aka zartar da ƙudurin ɗaga iyakar kuɗin jami'a daga fam 3,290 zuwa fam 9,000 a shekara, da ƙuri'a 323 a kan 302. Mista Clegg na cikin waɗanda suka amince.

A Satumba na 2011 jam'iyyarsa ta yi babban taronta a Bamingam. A can ya amsa cewa maganar kuɗin jami'a ta yi masa ciwo, amma ya kare shiga gwamnati, bai kuma nemi gafara ba. Sai da aka ƙara shekara guda, ran 19 ga Satumba na 2012, ya fitar da wani ɗan gajeren fim yana duban jama'a, yana cewa a yi haƙuri. Da aka saurara da kyau, sai aka ga abin da ya ke nadama a kai shi ne yin alkawarin da bai tabbatar zai iya cikawa ba. Ƙarin kuɗin kansa yana nan daram, ɗalibai kuma a wannan watan ne suka fara biyansa. Wannan shi ne abin da Hausawa ke kira tuban muzuru, kaza a baki. Kafin kwana guda wasu masu barkwanci suka mayar da jawabin waƙa, ta bazu a intanet. Mista Clegg ya nuna juriya, ya yarda a sayar da waƙar a ba asibitin yara na Sheffield kuɗin, amma dariyar ba ta zama ƙuri'a ba.

Hukuncin ya fito sarai a biranenmu biyu. A 2010 jam'iyyar tana da kansila fiye da 30 a majalisar birnin Mancesta. Zuwa 2014 ba ta da ko ɗaya. A babban zaɓen 2015 kujerunta a Majalisar Wakilai suka faɗo daga 57 zuwa 8. A mazaɓar Withington ta Mancesta, unguwar ɗalibai da malaman jami'a, wakilinta Mista John Leech ya sha kaye da rata kusan ƙuri'a 15,000, alhali kuwa shi yana cikin waɗanda suka cika alkawari suka ƙi ƙarin kuɗin. Laifin shugaba ya shafe shi. A mazaɓar Yardley ta Bamingam ma Leba ta ƙwace kujerar. Mista Clegg ya sauka daga shugabanci kashegarin zaɓe, a 2017 ya rasa kujerarsa ta Sheffield, a 2018 kuma ya bar siyasa ya kama aiki da kamfanin Facebook a Amurka.

MATA BIYU, TARO BIYU

Misali na uku ya nuna cewa ban haƙuri ba kullum ya ke tashi a banza ba. A 2017 Firayim Minista Theresa May ta kira zaɓen da ba dole ba ne, tana neman ƙarin rinjaye domin tattaunawar ficewa daga Tarayyar Turai, sai ta rasa ma wanda ke hannunta. Ran 4 ga Oktoba ta tsaya gaban babban taron 'Yan Mazan Jiya a Mancesta, ta ce ita ta jagoranci yaƙin neman zaɓen, ita ce mai alhaki, a yi haƙuri. Ba ta laɓe bayan kowa ba. Zauren ya tafa mata.

Amma ranar ba tata ba ce. Wani ɗan barkwanci ya kutsa har gaban mumbari ya miƙa mata takardar sallama daga aiki. Tari ya sarƙe ta, muryarta ta dushe, har Ministan Kuɗi ya miƙo mata alewar maganin tari. Can kuma haruffan taken jam'iyya da aka manna a bango bayanta suka fara faɗuwa. Kashegari ba jaridar da ta damu da ban haƙurin. Duk da haka, da wasu wakilai suka yi yunƙurin tuɓe ta a wannan mako, abin bai yi tasiri ba. A 2018 ta hau mumbarin taron Bamingam tana taka rawa, ta ci gaba da mulki har Yuli na 2019. Waɗanda ta nemi gafararsu 'yan gidanta ne, kuma ba su da wanda suka shirya ya gaje ta. Ban haƙurin ya saya mata lokaci, amma ƙarfin faɗa a ji da ta rasa a zaɓe bai komo ba.

Ta huɗu ita ce Liz Truss, wadda ta hau mulki ran 6 ga Satumba na 2022. Ran 23 ga wata Ministan Kuɗinta, Mista Kwasi Kwarteng, wanda iyayensa 'yan Gana ne, ya ba da sanarwar rage haraji mai yawa ba tare da ya nuna inda kuɗin zai fito ba. Darajar fam ta faɗi ƙasa da yadda ta taɓa faɗi a kan dalar Amurka, Babban Bankin Ingila ya shiga tsakani, ruwan bashin gidaje ya hau. A tsakiyar babban taron jam'iyya a Bamingam, ran 3 ga Oktoba, suka janye shirin soke harajin masu babban albashi, suka ce sun ji koken jama'a. Ran 14 ga wata ta sallami Mista Kwarteng. Sai ran 17, bayan sabon Ministan Kuɗi ya rushe kusan dukan shirin, ta faɗa wa BBC cewa tana neman gafara a kan kurakuran da aka yi. Bayan kwana uku ta yi murabus. Kwana 49 ta yi a kan mulki, mafi gajarta a tarihin ƙasar. Kowa ya tuba don wuya, ba lada.

ABIN DA TARIHIN YA NUNA

In muka jera waɗannan labarai, za mu ga jama'a ba su auna ban haƙurin shugaba da daɗin kalmominsa. Abin da su ke dubawa bai bambanta da sharuɗɗan da malamanmu su ke gindaya wa tuba ba: a yi nadama, a bar laifin, a ƙudurta ba za a koma ba, in kuma haƙƙin wani ne a mayar masa. Mista Brown ya yi nadama cikin gaggawa, amma sai da aka kama shi, kuma abin da ya ɗauke wa dattijuwar nan, watau yardar da ta ke da ita cewa jam'iyyarta na ganin girmanta, ba abin da a ke mayarwa cikin minti arba'in ba ne. Mista Clegg ya yi jinkirin kusan shekara biyu, bai kuma mayar da kome ba. Liz Truss ta tuba bayan an riga an ƙwace ragamar daga hannunta. Theresa May ce kaɗai ta ɗauki laifin gaba ɗaya ba tare da kwana-kwana ba, ta kuma ci gaba da zama a kujerarta na wani lokaci mai tsawo bayan ta tuba.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan zurfi. Kuskuren da ya saɓa wa halin da aka san shugaba da shi, jama'a su kan yafe shi da sauƙi, su ce ɗan Adam ajizi ne. Wanda ba su yafewa shi ne kuskuren da ya tabbatar da abin da su ke zargi, ko ya rushe dalilin da ya sa suka zaɓe shi tun farko. An zargi Leba da raina talakan da ya raine ta, sai aka ji Mista Brown a mota. An zaɓi Mista Clegg domin ya ce shi ba mai saɓa alkawari ba ne, sai ya saɓa mafi girman alkawarinsa.

Za mu rufe da abin da ya sami Mista Brown daga baya. Ya bar mulki ba tare da hayaniya ba. A 2012 Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa shi manzonta na musamman a kan ilmi. A Mayu na 2014, bayan sace 'yan matan Chibok, ya zo Abuja ya taimaka aka ƙaddamar da shirin kare makarantu. A Satumba na wannan shekara kuma, ana gobe ƙuri'ar raba gardama a kan ɓallewar Sikotlan, ya yi jawabi a Gilasgo wanda har abokan hamayyarsa suka yaba. Mutane da yawa a Biritaniya sun sake dubansa da idon girma, ba domin wani sabon ban haƙuri ba, sai domin aikin da suka ga ya yi na shekaru ba tare da yana neman ƙuri'arsu ba.

A nan za mu dakata. Muna maraba da wasiƙunku a kan wannan batu, musamman in kun san wani shugaba a ƙasarku da ya taɓa tsayawa gaban jama'a ya ce laifina ne, da yadda aka ƙare da shi.